"Incompatible": Kalmar Turanci da Ba Ta Ɗora wa Kowa Laifi

Me ake nufi da "incompatible"?

Siffa ce da ake yi wa abubuwa biyu waɗanda ba za su zauna wuri ɗaya ba, ko ba za su yi aiki tare ba. Bahaushe zai ce ba sa jituwa, ba su dace da juna ba, ko ba sa shan inuwa ɗaya. Kishiyarta ita ce "compatible", yanayin kansa kuma "incompatibility". Wajen furuci gaɓa ta uku ake dannawa, wato "pat". Wajen rubutu kuwa ƙarshenta "ible" ne, ba "able" ba, kuma nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

Daga ina ta samo asali?

Daga Latin, kuma guntaye uku ne aka ɗinke: "in" na korewa, "com" mai nufin tare, sai "pati", wato jurewa ko shan wuya. In ka harhaɗa su sai ka sami "waɗanda ba za su iya jure wa juna ba". Saiwarta ɗaya da "patient", mai haƙuri ko majinyaci, da "compassion", tausayi. Ta shiga Turanci a ƙarni na 15, kuma cikin tsoffin ma'anoninta akwai muƙamai biyu da mutum ɗaya ba zai riƙe lokaci guda ba. Lauyoyi har gobe suna amfani da ita haka. Tsarin mulkin Amurka ya hana ɗan majalisar tarayya riƙe muƙamin gwamnati, shi ya sa Hillary Clinton ta ajiye kujerar sanata a 2009 da ta zama sakatariyar harkokin waje. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ashe ba faɗa take nufi ba?

A'a, kuma a ganina nan ne daɗin kalmar yake. "Conflict" rikici ne, akwai ja-in-ja a ciki. "Clash" karo ne, asalinta ma kwaikwayon ƙarar ƙarfe ne idan ya daki ƙarfe. Ita kuwa "incompatible" ba sai an ɗaga murya ba, kuma ba ta ce wane ne mai laifi ba.

Ɗauki filogin Ingila mai ƙafa uku masu kusurwa ka tsaya gaban soket a Amurka. Juya shi sama, juya shi ƙasa, ba zai shiga ba. Filogin lafiya lau, soket ɗin ma lafiya lau, ba don juna aka ƙera su ba ne kawai. Ko da ya shiga ma da sauran magana, domin wutar gida a Ingila volt 230 ce, ta Amurka 120. Haka bilic da amoniya: kowanne shi kaɗai yana wanke datti, amma ranar da aka zuba su a bokiti ɗaya iska mai guba ce za ta tashi. Rashin ɗora wa kowa laifi ne ya sa ma'auratan da suka rabu suke son kalmar. Wanda ya ce "we were incompatible" ya rufa wa kansa asiri, ya rufa wa abokin zamansa, don bai ce kowa mugu ba ne. Wani lokaci gaskiya ce, wani lokaci kuma labule ne kawai.

Me ya sa likitoci ke yawan faɗinta?

Saboda jini. Mu kan ce "jinina da nasa bai haɗu ba" muna nufin hali, su kuwa jinin gaske suke nufi. Karl Landsteiner, likita ɗan Ostiriya, shi ya gano rukunan jini a 1901, aka ba shi kyautar Nobel a 1930. Idan aka ƙara wa mai rukunin A jinin rukunin B, garkuwar jikinsa za ta ɗauki baƙon jinin abokin gaba, ƙwayoyin su dunƙule su farfashe, har abin ya kai ga rasa rai. Haka ake cewa magunguna biyu "incompatible" ne idan bai halatta a gauraya su a sirinji ɗaya ba.

Yaya ake sa ta a jimla?

Abokiyar tafiyarta "with" ce, ba "to" ba: "This charger is incompatible with my phone", cajar ba ta dace da wayata ba. In an ambaci abubuwan biyu tun farko, ba a buƙatar komai: "The two jobs are incompatible." Abu ɗaya tilo dai ba ya zama "incompatible", dole a san da me.

Akwai inda ba ta shiga?

Akwai. Launin riga da na hula in sun ƙi juna, "clash" ake cewa. Taro biyu da suka faɗo sa'a ɗaya ma "clash" ne. Shaida wanda maganarsa ta safe ta saɓa wa ta yamma, "inconsistent" ko "contradictory" ya fi dacewa da shi.

Sai kuma wasu biyu masu kama da ita a kunne: "incompetent", wanda bai iya aikinsa ba, da "incomparable", wanda ba shi da na biyu. Mai son yabon malaminsa ya rubuta masa "you are incompatible", malamin zai tsaya yana jiran ya ji da wa.