Kachala ba ta jin wuta, a ƙarƙashin ruwa ake kashe ta

Duk shekara, da zarar hunturu ya busar da ganye, wanda ya bi hanyar Haɗeja zuwa Nguru zai riƙa hango hayaƙi yana turnuƙewa daga cikin fadamu. Manoma ne suka cinna wa kachala wuta, wato doguwar ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa ta cike rafuka. Ranar kowa zai koma gida da murna, fili ya yi baƙi ƙirin, ido yana kaiwa har ƙetaren rafi. A dawo bayan sati uku a gani: sabon toho ne kore shar, ya ma fi na da cika, domin toka ta zame masa taki, rana kuma ta samu hanyar sauka har ƙasa. Na daɗe ina aikin malamin gona a wannan yanki, kuma babu abin da ke ci mini rai irin in ga magidanci ya ƙarar da ƙarfinsa a kan hanyar da na san ba za ta ɓulle ba.

Kafin a yi maganar magani, ina so kowa ya yi abin da nakan sa manoma su yi idan mun zauna a bakin ruwa. Ka yanko karan kachala ɗaya, ka tsaga shi da wuƙa, ka duba cikinsa da kyau. Za ka ga ba a cushe yake ba, ƙananan ramuka ne jere kamar soso. Ta nan take shaƙar iska daga sama ta aika wa saiwarta da ke kwance cikin taɓo, inda babu iska ko kaɗan. Sannan ka sa hannu cikin taɓon ka jawo saiwar. Fara ce, mai kauri kamar yatsa ko fiye, tana tafiya a kwance, kowace gaɓa da idon da zai fitar da sabon kara. A cikinta ne kachala ke ajiye abincinta, kamar yadda rogo ke yi. Wannan dogon ganyen da ya fi mutum tsawo, wanda kan kai mita 3, gashi ne kawai. Wuta aski take yi mata.

Wani dattijo ya taɓa tare ni a wajen irin wannan bayani, ya ce, "Malam, mu da muka tashi ba mu san ta haka ba. Wa ya kawo mana ita?" Na ce, "Baba, gaskiyarku ne, amma ba a buhu aka kawo ta ba, ruwan ne ya canza hali." Irin wannan ciyawa ta daɗe a gefen tafkunan Afirka, sai dai a da ba ta samun sake. Kogin Haɗeja yakan cika da damina ya malale fadamu, da rani kuma ya janye, ƙasa ta bushe ta tsattsage, shanu su bi ta kai su tattake. Wannan bushewar ta watanni ita ce ke taka wa kachala birki. Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai kogin ya koma gudana rani da damina, ba ya cika irin cikar da, ba ya kuma ƙafewa. Ruwa marar zurfi da ke kwance shekara zagaye, ga ragowar takin zamani da ke gangarowa daga gonakin noman rani: abin da kachala ke nema ke nan. Haka ya faru a kogin Senegal bayan an gina madatsar Diama a 1986, har yau manoman Senegal da Muritaniya da ita suke fama. Ba ina zagin madatsun ba ne, shinkafa da alkama da tumatirin Kadawa da Kura albarkarsu ce. Amma mu da ke ƙasa mu ne muka karɓi ragowar lissafin.

Ɓarnar da take yi, mutanen Guri da Kirikasamma da Nguru ba sa buƙatar a faɗa musu. Idan ta cika rafi sai ruwa ya rage gudu, yashi da laka su kwanta a gindinta, rafin ya cike, ita kuma ta ƙara samun wurin zama. A wajen Likori, inda kogin Haɗeja ke rarrabuwa, hannun Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin sun sha toshewa, ruwa ya karkata zuwa Marma ya nufi tafkin Nguru. Sai ka ga gari ɗaya ruwa ya cinye musu gona da gida, wani garin kuma da ke can gaba yana kallon busasshen rafi. Masunci ba ya samun inda zai jefa birgi, kwalekwale ba ya wucewa, makiyayi ya rasa mashaya da burtali ya ratsa ta gonar wani, rigima ta tashi. Ga tsuntsayen jan-baki, da suka samu wurin kwana da ba mai iya kai musu, su fito da asuba dubbai su sauka a kan shinkafa da gero. Ko tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su yi hunturu a nan, waɗanda saboda irinsu aka sa tafkin Nguru da Marma cikin dausayoyin da duniya ta amince a kare a shekarar 2000, sararin ruwa suke so, ba duhuwar kachala ba.

To, yaya ake kashe ta? A toshe mata hanci. Idan aka yanke karan a ƙarƙashin ruwa, aƙalla taƙi guda ƙasa da saman ruwan, ramukan nan sai su cika da ruwa, saiwar ta rasa iska ta fara ruɓewa. Wanda ya yanke ta a sama da ruwa, ko da yatsa biyu ne kututturen ya leƙo, ya bar mata hanyar numfashi, aikin banza ya yi. Har busassun karan bara da ke tsaye suna kai mata iska, don haka su ma a sare su, kada a ce ai sun mutu.

Lokaci ma yana da muhimmanci ƙwarai. A yanke ta sa'ad da ta fara fitar da kai, wannan zangarniyar mai kama da ta gero, tun tana ɗanya. A lokacin ta kwashe abincin da ke cikin saiwa ta kai sama, ba ta da sauran ƙarfi. Idan aka bari kan ya nuna ya yi ja, an makara. Ka taɓa murza busasshen kai ɗaya a tafin hannunka? Fashewa yake yi kamar audugar rimi, iska ta ɗauka, kuma kai ɗaya yana ɗauke da iri fiye da 100,000. Duk inda ya sauka a kan danshin laka zai tsira. Sannan a lura da ruwan kansa: a yi yankan lokacin da ruwa ke ƙaruwa ko yake tsaye, domin idan ya janye bayan kwana biyu kututturen zai fito fili. Kuma sau ɗaya ba ya isa. Za ta sake tohowa, a raunane, a koma mata bayan sati uku ko huɗu, a sake komawa karo na uku. A nan ne mafi yawan garuruwa ke karaya. An yi gayya ta farko da kiɗa da tuwo, ta biyu mutum goma suka fito, ta uku babu kowa, shekara na zagayowa a ce maganar malamin gona ba ta yi aiki ba. Ina roƙon bulamai da masu unguwanni da sarakunan ruwa, ranar da za a sa ranar gayya a sa guda uku a lokaci ɗaya, kowa ya ji da kunnensa.

Abin da aka yanke a janye shi zuwa tudu. Idan aka bar shi a ruwa zai tafi ya toshe wa na gaba, kuma saiwar da ta tsinke tana kama ƙasa a duk inda ta tsaya. Haka kuma garin da ya gyara nasa rafin alhali maƙwabcinsa bai taɓa nasa ba, ruwa ba zai wuce ba. Gwamnati takan kawo injinan da ke shiga ruwa su yashe manyan hanyoyi, kuma suna taimakawa sosai, sai dai inji na wucewa kachala na biyo sawunsa idan babu masu bi da lauje. Masu fasa gaɓar kogi su ja ruwa zuwa gona su bar shi a buɗe, da masu jera dumba, wato shingen kamun kifi, su tare rafi gaba ɗaya, su sani suna shimfiɗa mata tabarma ne.

Inda kuma ake iya tsayar da ruwa, kamar ƙananan magudanan noman rani da gonakin shinkafa, a yi mata irin horon da: a rufe ƙofa a bar wurin ya bushe sosai, a yi huɗa mai zurfi, a juyo saiwar ta kalli ranar bazara, a tattara a ƙone. A irin wannan wuri ne kaɗai wuta ke da amfani. Maganin feshi kuwa, ban yarda a zuba shi a ruwan da mutane ke sha, dabbobi ke sha, ake kamun kifi a ciki ba.

Akwai maganar lafiya da ba zan tsallake ba. Ruwan da kachala ta kwantar gidan sauro ne, kuma gidan ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Ƙwayar cutar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Mai shiga yanka ya nemi dogon takalmin roba idan da hali, kada a tura yara, a kuma kula da macizai. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ko na ɗansa ya je asibiti. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka, cuta ce da ke lalata mafitsara a hankali, kuma maganinta, praziquantel, yana nan, har a makarantu akan raba shi. Makiyaya su ma su riƙa ba dabbobin da ke kiwo a irin wannan ruwa maganin tsutsar hanta.

Ana yawan tambayata ko kachala na da wani amfani. Tana da shi. Mata na saƙa tabarma da asabari da ita, ana yin jinka da shinge. A Senegal da Muritaniya ana sarrafa ta a yi gawayin girki. A nan gida ma, masana a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, tare da abokan aikinsu na Amurka da Sifaniya a ƙarƙashin TRIMING, shirin inganta noman rani da Bankin Duniya ya tallafa wa, sun gwada yin abincin dabbobi da iskar gas ta girki da ita. A ganina wannan ba zai ƙarar da kachala ba, yawanta ya wuce nan. Amfaninsa shi ne saurayin da ya wuni cikin ruwa da lauje ya samu abin sawa a aljihu, gobe ya sake fitowa.

Sai gargaɗi a kan wata da ita kam baƙuwa ce ta gaske. Hausawa na cewa kainuwa dashen Allah, to akwai wata kainuwar da dashen mutum ce. Asalinta yankin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, kyan furenta ya sa aka riƙa yawo da ita ƙasa-ƙasa ana ƙawata tafkunan gidaje. A 1984 ta shigo ruwan Badagry da Legas daga Jamhuriyar Benin, daga baya ta bayyana a kogin Kwara, ta addabi masuntan Yamai da na tafkin Kainji. A tafkin Victoria ta taɓa rufe tashar jiragen ruwa ta Kisumu a Kenya. Idan ta samu ruwa mai taki takan ninka kanta cikin sati biyu, irinta kuma yana yin shekaru a cikin laka bai mutu ba. Ruwanmu da ya kwanta ya karɓi kachala, ita ma zai karɓe ta hannu bibbiyu.

Ga yadda za a gane ta. Kainuwarmu ta gargajiya ganyenta a buɗe yake kamar latas, mai laushi da gashi-gashi. Ita baƙuwar ganyenta kore ne mai sheƙi, gindin ganyen a kumbure kamar ƙaramin gora, furenta shuɗi mai ratsin shunayya da ɗigon rawaya a tsakiya. Masunta da ke zuwa ci-rani Yawuri ko Kainji su wanke kwalekwale, su kakkaɓe taru da koma su shanya su bushe kafin su jefa a ruwan gida. Kada kowa ya ɗauko ta don ado. Wanda ya gan ta, ko guda ɗaya ce, ya tsamo ta da saiwarta ya kai tudu nesa da ruwa, ta bushe ya ƙone, sannan ya sanar da sarkin ruwa da malamin gona na yankinsa a ranar, a je a duba sama da ƙasan wurin da aka same ta.