Waiwaye: yadda dawa ta gaji sha'ir a kwalbar Maltina

Kwanan nan an sake taso da maganar noman sha'ir a Najeriya, kuma duk sanda aka taso ta sai an ambaci Jos, wai ai muna da sanyi. To wannan magana ta tsufa.

Kafin 1988 kusan duk tsiron da kamfanonin lemon malt da na giya ke aiki da shi na sha'ir ne, daga Turai ake lodo shi. Sai kuɗin mai ya ja baya, dala ta yi wuya, Babangida ya kawo SAP, shirin tsuke bakin aljihu, a 1986, aka hana shigo da alkama a 1987, a 1988 kuma aka rufe ƙofar tsiron sha'ir. Dole kamfanoni suka waiwayo gida, abin da suka tarar kuwa dawa ce, wadda matan ƙauye sun daɗe suna jiƙa ta su tsirar da ita tun kafin a san wani injin. A nan Filato ma Jos International Breweries ta buɗe gonar BARC a Zalaki, ƙaramar hukumar Bassa, don ta riƙa noma kayan aikinta da kanta, kowa dai ya ga yadda kamfanin da gonar suka durƙushe daga baya.

Inda gizo ke saƙar shi ne ba kowane hatsi ne ke yin malt ba. Mai tuwo ba ruwanshi ko ƙwaya na da rai ko ta mutu, in dai za ta niƙu shikenan. Shi kuwa mai malt ƙwaya mai rai yake saye, sai an jiƙa ta, ta tsiro, a busar, kuma a sha'ir ana son aƙalla 95 cikin 100 su tsiro kusan lokaci guda, furotin kar ya yi yawa, wajen kashi 9 zuwa 12, danshi ma kar ya wuce 12 ko 13. Abin dariyar ma in ka zuba taki da yawa don ka cika buhu furotin ya hau, kamfani ya ce baya so, sai ka sayar a farashin abincin dabbobi. Ko a Turai da Kanada wannan cacar manomin sha'ir ke yi duk shekara, ruwa ya sauka gab da girbi ƙwaya ta fara tsiro a kai, ƙarin kuɗin da masu malt ke biya ya tafi. Dawa ma haka, ƙwari sun huda ta ko ta yi fumfuna ko an gauraya kaura da farafara da jar dawa a buhu ɗaya, to a gwaji za ta faɗi.

Masu bincike sun yi nasu gaskiya. Cibiyar binciken noma ta IAR Samaru ta fitar da irin dawa SK5912, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa ICRISAT ta kawo ICSV400, daga baya aka samu CSR-01 da CSR-02. Ko da aka ɗage haramcin a ƙarshen shekarun 1990 kamfanoni basu saki dawa gaba ɗaya ba, Nigerian Breweries ma a 2008 ta buɗe katafariyar masana'antar tsirar da dawa a Aba. Masu ƙyamar sayar wa kamfanin giya, kuma suna da yawa a cikinmu, su sani ko Milo ɗin da yara ke sha da safe akwai tsiron dawa a ciki.

Amma manomi ba a ɗakin gwaji yake lissafi ba. In damina ta kawo kai tambayarshi nawa buhun taki, nawa aka sayar bara, wa zai biya a take. Masara na cin taki amma masu kaji na jiranta a kasuwar Mangu da Saminaka, waken soya ga kamfanin Grand Cereals a Bukuru, mutumin Bokkos kuma da wuya ka raba shi da dankalinshi. Shi kuwa wanda ya wahala ya nemo iri mai kyau, ya sussuka a kan tamfol, ya ware tsakuwa, in ya kai kasuwa dillali kuɗi ɗaya zai bashi da wanda ya share nashi daga ƙasa, ribar ingancin a hannun mai tarawa take tsayawa. To don me zai sake wahala baɗi?

Yaƙin Rasha da Ukraine a 2022 da sakin naira a 2023 sun sa sha'ir ɗin waje ya yi tsada, shi ya sa aka tuno da na gida, dama cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ke riƙe da binciken alkama da sha'ir. Sai dai a 2024 gwamnati ta cire harajin shigo da masara da alkama da shinkafa na kwana 150, hatsi ya karye, taki bai sauko ba, manoma da yawa sun ji jiki. Mutumin da ya sha wannan ka zo mishi da sha'ir, abin da ba ya tuwo da shi a gida kuma mai saye ɗaya ne ko biyu, in kamfani ya ce bai ci gwaji ba ina zai kai? Ni a ganina sai an rubuta farashi tun kafin shuka, har da na wanda ya faɗi gwaji, kafin wani a Bassa ko Barkin Ladi ya bar masara saboda shi.