Ba a soke rangwamen magani a Amurka ba

Tun da aka yanke tallafin motocin lantarki a Amurka ake ta yaɗa cewa an rushe dokar 2022 baki ɗaya, wai tsofaffi za su koma sayen insulin, allurar ciwon suga, da tsadarsa ta da. Ba haka ba ne. Dokar da Biden ya sa wa hannu ranar 16 ga Agustan 2022 ta haɗa makamashi da magani. Wadda Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 makamashin ta fi datsewa: rangwamen harajin dala 7,500 na sabuwar motar lantarki ya ƙare 30 ga Satumba, na kashi 30 na saka sola a gida ya ƙare ƙarshen shekarar. Na magani yana nan.

Sai dai ba na kowa ba ne. Masu Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, kaɗai ya shafa, wato 'yan shekara 65 zuwa sama da wasu masu naƙasa. Su ne ba sa biyan fiye da dala 35 a wata kan kowane insulin da tsarinsu ya ɗauka, kuma abin da ke fita aljihunsu na magungunan kemis ba ya wuce dala 2,100 a duk shekarar 2026.

Inda hankali ya fi rabuwa shi ne batun ciniki, wato ikon da dokar 2022 ta ba Medicare na taya farashin magani wurin kamfanoni. Gwamnati ba ta taɓa maganin da ya fito jiya. Sai ƙwayar da ta shekara 7 da samun izini, ko maganin da ake haɗawa daga ƙwayoyin halitta da ya shekara 11, kuma babu mai araha irinsa a kasuwa. Sabon farashin magunguna goma na farko ya fara aiki 1 ga Janairun 2026. Januvia na ciwon suga ya sauka daga dala 527 zuwa 113 a wata.

Kamfanin da ya ƙi zama ciniki fa? Harajin ladabtarwa zai hau cinikin maganin, daga kashi 65, yana ƙaruwa duk kwana 90 har kashi 95. Mafitarsa ɗaya, ya janye dukkan magungunansa daga Medicare da Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi. Kamfanin magani na Merck da wasu sun garzaya kotu suna cewa wannan tilas ne, ba ciniki ba. Akwai ƙamshin gaskiya a kukansu, amma daga 2003 har zuwa 2022 doka ta haramta wa Medicare ko tayawa, kuma ba mu ji sun kira wancan zalunci ba.