Waiwaye: Yadda Kogin Haɗeja Ya Daina Ƙafewa

Kowace shekara, da zarar watan Agusta ya raba tsakiya, magana ɗaya ce ke yawo a rediyo da Facebook tun daga Ringim har Auyo da Haɗeja: an saki ruwan dam ɗin Tiga. Bayan wata shida kukan sai ya gangara ƙasa, manoman Gashuwa da Gaidam su shiga tambayar inda ruwan ya maƙale. A Kano kuwa ƙorafin ba ya da kaka ko rani, baƙin ruwan masana'antu ne mai wari da ke gangarawa rafuka. Can a Abuja, tsakanin 2018 da 2023, ƙudurin dokar albarkatun ruwa ya shiga Majalisar Tarayya ya fito fiye da sau ɗaya bai zama doka ba. Wasu na cewa dabara ce ta ƙwace gaɓar koguna daga hannun jihohi, wasu na tsoron ranar da za a ce sai da lasisi mutum zai haƙa rijiyar burtsatse a gidansa. Ana tattauna waɗannan kamar matsaloli huɗu ne da ba su san juna ba. A kwarin Haɗeja da Jama'are da Komadugu-Yobe kuwa zance ɗaya ne, kuma ya kai shekara hamsin yana tafe.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Fari ya gasa Arewa a farkon shekarun 1970, aka kammala dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aka buɗe noman rani na Kadawa. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna goma sha ɗaya, kwarin nan ya faɗa hannun biyu daga ciki: saman kogin a hannun ta Haɗeja-Jama'are, ƙarshensa a hannun ta Tafkin Chadi. Fari ya sake dawowa a 1983 da 1984. Fadamar Haɗeja da Nguru, wadda a shekarun damina mai kyau ruwa kan rufe mata fiye da hekta 200,000, ta koma tana samun abin da bai kai rabin haka ba a shekaru da dama. Duk wanda ya rayu a lokacin ya san ba don wasa aka gina madatsun ba. Birnin Kano na buƙatar ruwan sha, shinkafa da alkama da tumatirin Kura da Bunkure da Garun Malam kuma sun ciyar da miliyoyin mutane.

Wurin da ba a cika tsayawa ba shi ne 1992, shekarar da aka kammala dam ɗin Challawa Gorge a yankin Ƙaraye.

Sai an tuna yadda kogin yake tun asali kafin a gane nauyin wannan shekara. Kogin Haɗeja na damina ne. Mafi yawan ruwansa na shekara yakan wuce ne a Agusta da Satumba, ya zo da ƙarfi, ya kwashe yashi da laka, ya fantsama cikin fadamu. Daga nan ya fara ja da baya. Manomi ya girbe shinkafar da ya shuka kafin zuwan ruwa, ya bi damshin da ya rage da wake ko kankana. Masunci ya kama kifin da ya taru a kududdufai. In aka kwashe amfani, makiyayi ya shigo da shanu su ci ciyawa, su bar taki. Zuwa bazara cikin kogin yashi ne zalla, yara na wasa a kai, mata na tona shi su ɗebi ruwa. Mutum uku ke cin ƙasa ɗaya, kowa da watanninsa, kuma ba hukuma ce ta raba musu ba. Cika da ƙafewar kogin ne suka raba.

Tiga ta taɓa wannan tsari amma ba ta rushe shi ba, domin Kogin Challawa na nan sake, yana kawo nasa ruwan damina yadda ya saba. Da aka datse Challawa, manyan rassa biyu da ke haɗuwa a Tamburawa su zama Kogin Haɗeja duk suka koma ƙarƙashin makulli. Kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan kogin ya zama sai yadda aka buɗe. Babban ruwan damina ya ragu, aka maye gurbinsa da ɗan ruwa mai gudu shekara zagaye, don famfunan Kano da gonakin rani, har da sabon aikin noman rani na kwarin Haɗeja. Akwai ma wani ƙaramin dalili da bai shafi siyasa ba: yashin cikin kogi kan toshe wuraren da injinan birni ke zuƙar ruwa, don haka akan saki fiye da abin da birnin zai sha, don dai ruwan ya tashi ya kai bakin bututu. Rarar duk ƙasa take gangarawa, a watannin da fadama ta saba bushewa.

A idon mai kallo daga gadar Wudil wannan alheri ne. Wa zai yi kuka don ya ga ruwa a kogi cikin Afrilu? Amma ruwa maras zurfi, mai tafiyar hawainiya, wanda ba ya ƙafewa, shi ne abin da ciyawar kacala ke nema. A da rani ne ke kashe ta, babban ruwa kuma ya tumɓuke ragowar. Yanzu ba ranin, ba babban ruwan. Ga takin zamani da ke wankowa daga gonakin rani ya dawo kogi, yana ƙara mata ƙarfi. Ta fi mutum tsawo, saiwarta ta sarƙe a ƙasa, tana tare laka, lakar tana ɗaga cikin kogi, ɗagawar tana ƙara rage gudun ruwa, ita kuma tana ƙara yaɗuwa.

Ƙasa da garin Haɗeja kogin rarrabuwa yake yi. Akwai tsohon Kogin Haɗeja, akwai Burum Gana, akwai mashigar Marma da ke ɓallewa wajen Likori ta nufi tafkin Nguru. Da kacala da laka suka cushe hanyoyin da ke kai ruwa Yobe, sai ruwan ya karkata Marma, wadda ba ta da mafita sai tafki. Abin da ya biyo baya shi ne ruwa ya yi yawa inda ba a so, ya yi ƙaranci inda ake jira. Gonakin da ake nomawa shekara da shekaru a yankin Guri da Kirikasamma da Nguru suka nutse ba fita, kanwa ta taso a gefensu, hanyar mota ta Haɗeja zuwa Nguru ta sha yankewa. Kwalekwale ba ya ratsa kacala, taru ba ya shimfiɗuwa a cikinta. Tsuntsayen jan-baki suka samu maƙwabci, suna kwana a ciki su wayi gari a gonar gero da shinkafa. Sauro da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ma sun samu gida. A Gashuwa kuma, ruwan Haɗeja da ke isa ya zama ɗan kaɗan ƙwarai, garin da na ƙasa da shi suka koma dogaro kusan kacokan da Kogin Jama'are.

Rikicin manoma da makiyaya a wannan yanki ma yana da tushe a nan. Fadamar da makiyayi ya saba shiga bayan girbi, ko dai tana ƙarƙashin ruwa da kacala, ko kuma an kafa mata injin ban-ruwa ana noman rani har bazara. Watanninsa sun ɓace daga lissafi ba tare da wani ya zauna ya soke su ba. Ƙauyuka kuma suka shiga gyara da hannunsu: waɗannan su haƙa mashiga su jawo ruwa, waɗancan su tare da buhunan yashi, kowane gyara ya zama ɓarna ga na gaba.

Abin lura shi ne shekarun da wannan ya faru su ne shekarun da aka fi rubuta dokoki. A 1990 Najeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, ciki har da ƙarshen Komadugu-Yobe, wanda shi ne iyaka a yankin Diffa, inda tattasai ke riƙe da dubban gidaje. A 1991 aka fitar da ƙa'idojin iyakance dattin da masana'anta za ta zubar a ruwa. A watan Agustan shekarar aka ƙirƙiro Jigawa daga Kano, Yobe daga Borno, ta yadda Tiga da Haɗeja, waɗanda jiya ke ƙarƙashin gwamnati ɗaya, suka wayi gari a jihohi biyu. A 1993 dokar soja mai lamba 101 ta ɗora ikon duk ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun tarayya, ta tanadi lasisi ga manyan masu ɗiba, ta kuma bar wa talaka ya sha, ya shayar da dabba, ya yi ɗan ban-ruwa a gonarsa kyauta. Wato abin da aka yi ta faɗa a kansa daga 2018, yawancinsa yana rubuce tun lokacin.

Duk waɗannan takardu suna amsa tambaya biyu ne: ruwan na wane ne, kuma nawa za a ɗiba. Abin da ya canza a kogin kuwa lokaci ne, wane wata ruwa zai zo, wane wata zai ɗauke. Lasisin ɗibar ruwa na iya cika kowace ƙa'ida alhali fadama na mutuwa, domin ba a ƙirga ƙafewa a matsayin haƙƙin kowa ba. Ko batun "nawa" ɗin ma yana da rauni. Tashoshin auna ruwa da yawa da ake karantawa kullum a shekarun 1960 da 1970 sun lalace daga baya, ga kuma ƙananan injinan fetur da rijiyoyin fadama da suka bazu tun shekarun 1980, suka ƙaru da shirin Fadama na farko a farkon shekarun 1990. Kowane inji ɗaya ba komai ba ne, kuma doka ta halatta shi. Dubbai a jere a bakin kogi kuwa wani dam ne da ba ya cikin littafin kowa.

Ruwan datti ya shigo ta wannan ƙofa. Jima tsohuwar sana'a ce a Kano, majema na aiki da bagaruwa da toka tun kafin zuwan Turawa. Jimar zamani ta masana'anta ita ce ta zo da sinadarin kuromiyom, da gishiri mai yawa, da wasu sinadarai masu warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan dattin masana'antun Bompai na bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, wadda ta riga ta kwaso kwatamin cikin birni, su zuba a dam ɗin Wasai. Na Sharaɗa na bin Salanta, ya tarar da na rukunin masana'antun Challawa a babban kogi, sama da Tamburawa. Da rani, abin da ke gudana a Jakara kusan duk ruwan da aka riga aka yi amfani da shi ne, kuma da shi masu lambu ke ban-ruwan salak da alayyahu da kabeji da ake ci a birnin. Ba don ba su san warinsa ba ne. Shi ne ruwan da ba ya yankewa, ba a biyan kuɗinsa, ganye kuma na yin kore shar da shi. Duk shirin tace ruwan datti da bai tanadi abin da waɗannan mutane za su yi ban-ruwa da shi ba, ya bar rabin aikin.

An sha tsara matatar haɗin gwiwa ga rukunonin masana'antun uku, dalilin kuma a fili yake: ƙaramar masana'anta ba za ta iya riƙe cikakkiyar matata ita kaɗai ba. Ginin ba shi ne mai wuya ba. Matata na cin lantarki dare da rana, tana cin sinadarai, tana fitar da laka mai guba da sai an nema mata wurin binnewa, kuma dole wani ya biya wannan kowane wata. Sannan yawan dattin da kogi zai iya ɗauka ya danganta da yawan ruwan da ke cikinsa a ranar, wanda yanzu makullin dam ke yankewa. Amma izinin ɗiba yana ɓangaren ruwa, izinin zubarwa yana ɓangaren muhalli, wanda tun 2007 ke da hukumarsa ta tarayya, NESREA, ban da na jihohi. Haka aka gina tsarin tun farko, kamar ruwan da aka ɗiba da wanda aka mayar ba kogi ɗaya suke shiga ba.

An taɓa kusantar bakin zaren. A 2006 gwamnonin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe suka haɗu a Damaturu, suka amince da tsarin kula da kwarin baki ɗaya, aka kafa asusun amana, aka kuma tsara kundin rabon ruwa. Al'ummomi sun yi aikin gayya suna yanke kacala da lauje suna tsaye cikin ruwa har ƙirji, daga baya aka kawo injina, wasu mashigai suka buɗe, ruwa ya koma wuraren da ya daɗe bai je ba. Sai dai kacala na dawowa muddin yanayin da ya haife ta na nan. Masana sun daɗe da ba da shawarar a riƙa sakin babban ruwa da gangan a damina, a kuma rufe na wasu makonni da rani don kogin ya sha iska. Kowane ɓangare na shawarar yana da mai asara: mai gona a bakin kogi na tsoron na farko, mai noman rani da mai famfo na tsoron na biyu, mafitar ƙasa ta Tiga kuma ba ta da girman da za ta saki irin wannan ruwa, sai dai a dogara da Challawa.

Jama'are ne babban reshen da ya rage yana cika yana ƙafewa da kansa. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake maganar dam ɗin Kafin Zaki a jihar Bauchi, wanda aka tsara zai riƙe ruwa kimanin kubik mita biliyan 2.7, fiye da Tiga. An fara aikin an tsaya, an sake tayar da zancen a 2008. Mutanen Bauchi na ganin lokacinsu ne su ma su yi noman rani kamar Kadawa, kuma suna da hujja. Mutanen Yobe da Borno na cewa ruwan da ya rage musu ke nan, su ma suna da hujja. Har yau ba a gina shi ba, ba a kuma soke shi ba.