Me Ke Sa Littafi Ya Hana Ka Barci, Me Ke Sa Ka Ajiye Shi a Tsakiya?

A Legas mai son karatu ba ya rasa lokaci, cunkoson hanya ya riga ya ba shi. Daga Agege zuwa Obalende a cikin danfo, mutum zai iya cinye babi goma a waya kafin kwandasta ya kira tashar ƙarshe. Tambayoyin nan daga bakin 'yan'uwan da muke musayar littattafai da su a Agege da Idi-Araba da Mile 12 na tattaro su. Wasunsu sun tashi da littafin haya na takarda, wasu kuma a waya suka fara sanin ƙagaggen labari.

Malam, ni na soyayya nake karantawa, maigidana na yaƙi, ƙanena na aljanu. Akwai abin da ya haɗa daɗinsu kuwa?

Akwai, Hajiya. Kowane labari yana ɗaukar wa mai karatu alkawari tun a shafukan farko. Na soyayya ya ce ga zukata biyu, ga kuma abin da ya tsaya a tsakaninsu. Na yaƙi ya ce ga jarumi, ga abokin gaba da ya fi shi ƙarfi. Na bincike ya ajiye gawa ko sata, ya ce amsar tana ciki, biyo ni. Daɗi yana zuwa ne idan marubuci ya cika alkawarin ta hanyar da ba ki zata ba, amma da kika waiwaya sai ki ga ai dole haka za ta kasance. Haushi kuma yana zuwa idan ya saɓa, ko ya cika da maguɗi.

Abin ya samo asali tun farko. Gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin shugabanta, Bature Rupert East, ta haifar da littattafai biyar, kuma kowanne da irin alkawarinsa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yawon duniya ne da dariya, kana jiran inda Alhaji Imam zai sake karo da Malam Zurƙe. Ganɗoki na Bello Kagara jarunta ce da yaƙi. Jiki Magayi ramuwar gayya ce. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa bauta ce da rabuwar uwa da ɗa. Sun wuce shekara 90 ana karanta su, domin kowanne ya tsaya a kan abin da ya ce zai yi.

To me ya fi kashe littafin soyayya?

Rashin cikas na gaskiya. Soyayya a takarda ba ta da armashi sai akwai abin da zai iya raba masoyan da gaske, kuma abin ya fito daga rayuwar da muka sani: uban da ya riga ya yi alkawarin 'yarsa, bambancin arziki, kishiya, uwar miji, yarinyar da take son ta gama karatu kafin aure. Abin da ya ɗaga adabin kasuwar Kano, wato littattafan da marubuta ke bugawa da kansu ana sayarwa a kasuwa, ke nan daga wajen tsakiyar shekarun 1980. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu sun ɗauko auren dole da sakin wulaƙanci da hana mace ilimi, suka ajiye su a gaban jama'a. Matan da ke karantawa a ɗaka sun ga kansu, sun ga yayyensu, shi ya sa littafi ɗaya zai zaga gida goma har bangonsa ya yage.

Yanzu ki duba inda ake yawan faɗuwa. Saurayi likita ne ko matuƙin jirgi ko babban soja, miskili ne, ba ya dariya, kuɗinsa ba su ƙarewa. Budurwa fara ce sol, gashi har gadon baya, marainiya, kowa na zaluntarta. Sun fara da faɗa, za su ƙare da aure, kin san haka tun shafi na uku. Sanin ƙarshen ba laifi ba ne, ai mai karanta soyayya yana son su haɗu. Laifin shi ne idan babu abin da ke riƙe da su face rashin fahimtar da magana ɗaya za ta warware. Sai marubuci ya rasa yadda zai yi, ya kawo haɗarin mota, ko ciwon zuciya, ko mantuwa, ko a wayi gari a gano ashe yarinyar 'yar wani attajiri ce da aka sace tana jaririya. Wannan hannun marubuci ne ya shigo labari tsirara, kuma mai karatu yana ganinsa.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai sosai: namijin da ke mari da zagi da wulaƙanci har kashi uku cikin huɗu na littafi, sai a ƙarshe ya ce ashe so ne, a yafe masa a shafi ɗaya. Tuba a labari tana bukatar lokaci da wahala kamar yadda take bukata a rayuwa. 'Yan matanmu na karanta waɗannan littattafai, kuma bai dace a koya musu cewa haka so yake ba.

Yallaɓai, littafin yaƙi da na aljanu ai ƙarya ce zalla. Yaya za a ce wani ya fi wani gaskiya?

Mu da muka tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi mun san amsar. Ba wanda ya taɓa ƙorafi don Gizo ya yi magana, amma da za a wayi gari ya zama mai gaskiya da riƙon amana ba dalili, yara ma za su ce ba haka take ba. Duniyar ƙirƙira tana da dokokinta, kuma marubuci ne ya kafa su da hannunsa. In ya ce takobin tsafi ba ya cin wanda ya yi alwala, to ya tsaya a kan haka har ƙarshe. In ya ce aljanar ba ta tsallake ruwa, kada mu gan ta a hayin kogi don kawai an matsu a gama babi.

Jarumin da ba ya jin rauni, ba ya tsoro, yana kashe dubu da sara ɗaya, ya kan gundura da wuri. Zuciyar mai karatu ba ta bugawa sai ya yarda jarumin zai iya mutuwa. Haka tsoro: motsin labule da dare a ɗakin da ka san ba kowa ya fi kwatancen dodo mai kai bakwai tayar da tsigar jiki.

Na bincike fa?

Sharaɗinsa ɗaya ne, adalci. A ajiye alamomin a gaban mai karatu, ya gan su ya wuce bai lura ba. In aka tona asiri ya ce kash, ai na gani, to an yi nasara. In kuwa mai laifin wani baƙo ne da bai taɓa fitowa ba sai a babin ƙarshe, an cuci wanda ya kwana yana lissafi.

Yaya, me ya sa littafi zai fara da daɗi kamar zuma, ya kai tsakiya ya zama lami?

Sau da yawa kasuwa ce ke ja. A zamanin takarda ana raba labari ɗaya zuwa na ɗaya, na biyu, na uku, a yanke shi daidai inda numfashi ya tsaya don a sayi na gaba. Yau kuma ana sakin shafi kullum a WhatsApp da Wattpad, a ba da farko kyauta, sauran sai an biya. Marubuci na da haƙƙin cin guminsa, kuma duk mai karanta na kuɗi ba tare da ya biya ba ya ci haƙƙi. Amma tsarin yana sa a riƙa rubutu ba a san ƙarshe ba, ana sauraron abin da masu karatu ke so yau. Nan ne za ki ga shafi biyar a kan kayan lefe, uku a kan girki, biki ya ci babi shida tun daga kamu har buɗar kai, labari kuwa yana tsaye cik. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in na tsallake babi guda ban rasa komai ba, babin bai kamata ya kasance a ciki ba.

Wasu na sukar cakuɗa Hausa da Turanci. Mu da muke Legas ai haka muke magana.

Gaskiya ne, yaron da aka haifa a Agege zai haɗa Hausa da Yarbanci da Turancin buroka a jimla ɗaya, kuma in aka sa shi a labari haka ya kamata ya yi magana. Matsalar ita ce idan kowa a littafin bakinsa ɗaya, kaka da jika, direba da farfesa. A labari mai kyau ko an cire sunaye za ka gane wa ke magana. Sai kuma ƙa'idar rubutu. In aka bar ƙugiya, aka haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ba aya ba waƙafi, ido na gajiya tun kafin zuciya ta shiga. Ɓari da bari ba ɗaya ba ne, haka ƙafa da kafa.

Me ya sa ba mu cika ganin kanmu, Hausawan Legas, a cikin waɗannan littattafai ba?

Wannan tambayar ta daɗe tana damuna. A mafi yawan abin da na karanta, Legas filin jirgi ce kawai da ake bi a wuce Dubai, ko bakin teku da amarya da ango ke zuwa shan iska. Alhali Hausawa sun daɗe a nan. Cinikin goro ya zaunar da kakanninmu a Agege, layin dogo kuma ya isa Kano tun 1911 ya ƙulla Kudu da Arewa. Ga mai tumatir a Mile 12 da ke jiran motar da ta kwana uku a hanya, kayan na ruɓewa, bashi na kansa. Ga ɗan canji da amanar kuɗin mutane a hannunsa. Ga mai shayi da ya shekara biyu bai ga matarsa ba, yana aika kuɗi duk ƙarshen wata. Ga budurwar da aka haifa a Idi-Araba, ta iya Yarbanci kamar Bayarabiya, za a kai ta aure wani ƙauye a Arewa da ba ta taɓa kwana a cikinsa ba. A cikin waɗannan akwai soyayya, akwai bincike, akwai tsoro, kuma cikas ɗinsu ba sai an ƙirƙiro haɗarin mota ba. Na budurwar Idi-Araba nake fatan wani ya fara rubutawa, kuma ya buɗe shi da daren da ake ɗaure mata kaya, jirgin ƙasa na wucewa, uwarta ta kasa haɗa ido da ita.