Fentin Wili da Injin Babur a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa fentin wili ke ɓarewa bayan 'yan makonni?

Galibi maiƙo ne ko rashin gurza. A ciro wilin, a wanke shi da sabulu mai cire maiƙo, musamman na baya da man sarƙa ke fantsamawa a kai. A gurje da sanfefa mai lamba 320 har sheƙin tsohon fenti ya mutu, a bi da 600, a goge da tsumma mai tsabta. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa wurin. Inda alminiyam ya fito tsirara yana buƙatar firaima, wato shafin share fage kafin fenti, mai ɗan asid da ke kama ƙarfe, don fenti ba ya riƙe shi haka kawai.

Sai an cire taya?

Cirewa ta fi. In ba hali, a sace iska, a soka katunan kwali tsakanin taya da bakin wili. A rufe boris da salatif, a kwance faifan birki, a rufe mazauninsa.

Yaya ake fesawa?

A girgiza gwangwani minti 2, a riƙe shi nesa da santimita 20 zuwa 25. Shafi 3 marasa kauri, minti 10 zuwa 15 tsakani. Fenti ya zubo kamar hawaye? An matso kusa ko hannu ya tsaya. Ya fito da kaushi? An yi nisa, ya bushe a iska. Ƙananan ramuka kuwa alamar mai ko silikon ne, sai an sake gurza.

Shafin ƙarshe mai sheƙi ya zama na 2K, wato mai haɗi biyu da ake gauraya shi da sinadarin taurarawa, domin fetur na narkar da na gama-gari. Amma tururin 2K na cutar da huhu: a sa takunkumi mai matata, a fesa inda iska ke kaɗawa.

Fentin wili zai yi wa inji?

A'a, zai kumbura ya ƙone. Jikin inji na son fentin da ke jure kimanin digiri 260 a ma'aunin Selsiyos, bututun salansa kuma 600 ko fiye. A rufe mazaunin gaskit, ramin filogi da zaren noti. Kan fukafukan silinda shafi ya zama siriri, don ta nan zafi ke fita.

Irin wannan fenti zafi ke ƙarasa gasa shi. Bayan ya bushe, a kunna inji minti 10, a bari ya huce, a maimaita da minti 20. Kafin a yi haka, ɗigon fetur na iya ɓata shi.