Tallafa wa masu jinyar ciwon damuwa a zangunan Kumasi

Mai jinya shi ne wanda ɗawainiyar marar lafiya ta yau da kullum ke wuyansa. A ciwon damuwa, wanda likitoci ke ganewa da ƙuncin rai ko gushewar sha'awar komai na aƙalla mako 2 a jere, galibin jinyar a gida ake yin ta. A unguwannin Kumasi irin su Aboabo da Asawase, mace ce yawanci ke ɗaukar nauyin: uwa, ko matar gida, ko yaya.

Nauyin da ke kanta

Ciwon ba ya fitar da rauni, don haka 'yan dubiya kan yi ƙaranci. Ita ce mai lallashin marar lafiyar ya tashi, ya yi wanka, ya sa wani abu a baki. Ita ce mai tuna lokacin magani, kuma ita ke rufe teburinta a kasuwar Kejetia ranar ganin likita. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, tana kuma fama da ɓoyo, don gudun kada a ce hauka ne, maganar ta bi 'ya'yanta har lokacin aurensu. Mai shigowa kan ce "ya mai jiki?", ba kasafai ake tambayar nata jikin ba. Rashin barci da saurin fushi da zargin kai sukan taru mata, har ita ma ciwon ya kama ta.

Abin da ke taimako

Taimakon da aka ambaci sunansa ya fi amfani. "Yaya, gobe ni zan kai shi asibiti" ya fi "in da buƙata ki faɗa", domin kunya kan hana ta faɗa. Karɓa-karɓa tsakanin dangi na ba ta damar barci da zuwa suna ko biki, 'yan adashi kuma na iya sa ta a farkon kwasa.

Sani ma tallafi ne. Magungunan damuwa sukan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi, kuma ana ci gaba da sha na watanni bayan an ji dama. Wadda ta san haka ba ta yanke ƙauna a mako na farko. Malamai da limamai na da babban matsayi a nan: addu'a ba ta hana magani, kuma cewa ciwon rashin tawakkali ne yana ƙara wa gidan nauyi ne kawai.

Hukuma da asibiti

A 2012 Ghana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai lamba 846, wadda ta kafa hukumar kula da fannin. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa 3 na gwamnati, wato na Accra da Pantang da Ankaful, duk suna can kudu wajen gaɓar teku. Mutanen Kumasi sukan je sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ko wurin nas-nas ɗin fannin a ƙananan asibitoci. Mai jinya na iya kai nata koken a can.

A 2023 majalisar dokoki ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka. Idan marar lafiya ya fara maganar mutuwa, ba a barinsa shi kaɗai. Ana kawar da ƙwayoyi da maganin ƙwari daga ɗakin, a kai shi asibiti nan take ko a kira 112.